4.3 Masallacin Juma'a na Zariya da Gyaran da Aka Yi Masa

Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina wannan masallaci a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Manazarta ginin Hausa sun ɗauke shi a matsayin ƙololuwar ginin ƙasa, kuma akwai dalili.

Idan aka lura, babbar matsalar maginin gargajiya ita ce azara. Azarar giginya ba ta cin gara, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan tazara ta yi faɗi. Don haka sai magini ya riƙa kafa azara a jikin ginshiƙi, yana ɗora wata bisa wata, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana shafe da ƙasa, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Abin da ya bambanta Babban Gwani shi ne yadda ya sa bakan gizo ya riƙa fitowa daga ginshiƙai yana sarƙewa da wani, har mai salla ya ɗaga kai ya ga tulluwa kamar ba abin da ke riƙe da ita. Zanen da ke jikin ginshiƙan kuwa mai zurfi ne, ba shi da yawan tarkace, kuma yana bin tsayin ginshiƙin ne, ba ya ɓoye shi.

A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti, aka lulluɓe tsohon ɗakin sallar a cikinsa. Masu goyon bayan wannan aiki suna da hujja: ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, ga jama'a sun ƙaru. Sai dai an yi asarar da ba ta gyaruwa. Kotun shari'a da zaurukan alwala da ke haɗe da masallacin sun tafi, alhali kuwa su ne ke nuna cewa a tunanin masu jihadi salla da shari'a tare suke tafiya. Surar ginin ta waje ma ta ɓace wa mai wucewa.

Wanda ke son ya fahimci tsarin farko dole ya koma ga awon da Zbigniew Dmochowski ya yi, ko kuma kwafin masallacin da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.