Tajdidi Bayan Nasara: Nazari a Kan Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo

Gabatarwa

Tsakanin 1810 da 1815 zuciyar daular Usmaniyya tana ƙasar da a yau ake kira Ƙaramar Hukumar Bodinga. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana Sifawa yana karantarwa, ƙanensa kuma wazirinsa Malam Abdullahi yana Bodinga kusa da shi. A Sifawa ne a 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, ya danƙa yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. A cikin waɗannan shekaru, a 1813 (1228 Hijiriyya), Malam Abdullahi ya kammala Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara wasu ƙasidunsa na Larabci, ya gabatar da kowace da bayanin dalilin yin ta. Tun da Mervyn Hiskett ya buga shi tare da fassarar Ingilishi a Ibadan a 1963, manazarta suka fi ɗaukarsa ma'ajin tarihin yaƙe-yaƙe. Wannan maƙala tana ganin an rage wa littafin daraja da wannan karatu, domin babbar mas'alar da ke cikinsa ita ce makomar tajdidi idan masu shi suka sami iko.

Tsarin Littafin

Mawallafin ya jera ƙasidun bisa tafiyar zamani, shi ya sa mai karatu yake bin Jama'a daga rauni zuwa ƙarfi. A kashin farko ana ganin malamai masu yawon wa'azi waɗanda ba su da komai sai hujja. Nan ne amsar da Abdullahi ya ba wani malamin Barno, Mustafa Goni, wanda ya soki halartar mata majalisin Shehu; ya kafa amsar bisa ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, cewa barin mata cikin jahiltar addininsu ya fi muni. Nan ne kuma ƙasidar da ya aika wa malaman danginsu yana zaburar da su su taimaki kiran Shehu, da yabon malaminsu Jibrilu ɗan Umar.

Kashi na biyu ya ƙunshi hijira zuwa Gudu a 1804, da nasarar Tabkin Kwatto wadda Abdullahi da kansa ya jagoranta, da sauran gwagwarmaya har bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Daga nan sautin littafin yake sauyawa. Yabon nasara ya cuɗanya da makokin waɗanda suka yi shahada, makokin kuma ya rikiɗe ya zama tuhumar waɗanda suka rage.

Kukan Mawallafi

A Tsuntsuwa, kamar yadda Bello ya ruwaito a Infaƙul Maisuri, Jama'a ta rasa kimanin mutum dubu biyu, ɗari biyu daga cikinsu mahaddatan Alƙur'ani ne. A Alwasa a 1805 aka sake yin babbar asara. Waɗanda suka faɗi su ne ɗaliban da Shehu ya shafe shekara wajen talatin yana tarbiyyarsu. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawansu ganima ta jawo su. Wannan shi ne tushen baƙin cikin Abdullahi. Ya siffanta mutanen da ya tsinci kansa a cikinsu da cewa suna faɗar abin da ba sa aikatawa, sun bar masallatai da makarantu, himmarsu ta koma ga neman sarauta da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakan sukuwa a cikin gari, alƙalansu kuma suna karɓar rashawa.

Abin da ya ba wannan kuka nauyi shi ne mawallafin bai tsame kansa ba. Ya faɗi cewa ya ga alamar cutar tana kusantarsa, sai ya bar rundunar a wajen 1807 ya fuskanci gabas da nufin Makka da Madina. Da ya isa Kano mutanenta suka tsayar da shi, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan hukunce-hukuncen shugabanci, sannan ya komo. Wazirin daula ne yake rubuta wannan a kan daular da ya kafa da takobinsa, Shehu yana raye, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta Bodinga da Sifawa ba. Irin wannan shaida ta cikin gida tana da wuyar samu a tarihin kowace daula.

Darasi Daga Sarakunan Bani Isra'ila

Masanin tafsiri kamar mai Liya'ut Ta'awili ba baƙo ba ne ga ƙissar Ɗalutu a Suratul Baƙara. Manyan Bani Isra'ila sun roƙi annabinsu ya naɗa musu sarki don su yi yaƙi saboda Allah, da aka wajabta musu sai suka juya baya, 'yan kaɗan suka tsaya. Aka sake jarraba rundunar da ƙorama, mafi yawansu suka kasa haƙuri suka sha. Tsarin ƙissar ya yi daidai da na Tazyin: masu amsa kira suna da yawa, masu tsallake jarrabawar abin da ke gabansu na daɗi kaɗan ne. Ƙoramar Jama'ar Shehu ita ce ganima da sarauta.

Littattafan Ahlul Kitabi, waɗanda shari'a ta ba da izinin ruwaito labari daga gare su ba tare da gaskatawa ko ƙaryatawa ba a inda nassi ya yi shiru, suna da misali na biyu. Suna ba da labarin Yosiya sarkin Yahuza, wanda ya yi mulki a ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekara ta goma sha takwas ta sarautarsa aka tsinci littafin shari'a ana cikin gyaran Haikali a Baitul Maƙdis. Sarkin ya sa aka karanta wa jama'a, ya sabunta alkawari da Allah, ya rushe gumaka da wuraren bautarsu. Amma magadansa suka koma gidan jiya, kuma ba a yi shekara ashirin da biyar da mutuwarsa ba Bukhtanasar ya rushe birnin. Gyaran ya sauko ne daga fada, da fada ta sauya sai ya tafi. Tajdidin Shehu ya taso daga makaranta ya isa fada, kuma tsoron Abdullahi shi ne kada fadar ta haɗiye makarantar. Shi ya sa ya ƙyamaci kalmar mulki da gadon sarauta da kayan alfarmar sarakuna a Liya'us Sulɗani da wasu littattafansa.

Inda Littafin Ya Gaza

Adalci ga mawallafi ya haɗa da faɗar raunin aikinsa. Na farko, tuhumar tasa ba ta da sunaye ko ƙididdigar aukuwa, saboda haka mai tarihi ba ya iya auna faɗin ɓarnar da ita kaɗai. Kunya da gudun fitina na iya zama uzuri, amma giɓin yana nan.

Na biyu, harshen ƙasidun cike yake da baƙin kalmomi irin na mawaƙan Jahiliyya. Wannan shaida ce ta zurfinsa a Larabci, sai dai ta taƙaita masu amfana ga ƙwararrun malamai, alhali mayaƙa da hakiman da ake yi wa gargaɗin yawancinsu ba su kai wannan matsayi ba. Waƙoƙin Fulfulde da Hausa na Shehu da na Nana Asma'u su ne suka ɗauki nauyin isar da irin wannan saƙo ga gama-gari.

Na uku, littafin ya bayyana cutar da kyau amma bai tsaya kan tambayar yadda za a riƙe daula mai faɗi da mutanen da ake da su ba. Shehu ya fuskanci wannan a Najmul Ikhwani, inda ya sassauta a kan wasu mas'aloli da malamai suka yi saɓani a kansu, ya kuma nuna cewa laƙabin shugaba ba shi ne abin yabo ko zargi ba, aikinsa ne. Hujja tana tare da Shehu a nan, domin Alƙur'ani ya ambaci mulkin Dawuda da Sulaimanu (AS) a matsayin baiwar Allah. A wannan littafin ne kuma Shehu ya umurci almajirai su lazimci rubuce-rubucen ɗan'uwansa saboda tsayuwarsa kan zahirin shari'a, da na Bello saboda sanin siyasar al'umma. Ma'anar wannan ita ce Shehu bai so a rufe bakin mai suka ba, ya so a karanta shi tare da mai gudanarwa.

Kammalawa

A 1978 Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari da ke kudu da Bodinga, tare da Jean Boyd suka fitar da littafi kan ka'idar shugabancin Shehu da yadda ya aiwatar da ita, shekara guda kafin a zaɓe shi shugaban Nijeriya. Wannan yana nuna cewa tambayar da aka yi a Bodinga a 1813 ba ta tsufa ba a yankin. Ƙungiyoyin da'awa na yau sun mallaki masallatai da makarantu da filaye, malamansu suna shiga fadar gwamnati ana ba su muƙamai. Ɗalibin da ya haddace nasarar Tabkin Kwatto bai karanta dalilin tafiyar Kano ba, rabin darasin ya ɗauka. Ya dace sassan nazarin addinin Musulunci su sa Tazyinul Waraƙati cikin manhajar siyasar shari'a tare da Najmul Ikhwani, kuma a samar masa da sharhin Hausa mai warware baƙin kalmominsa. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, Ya amfanar da al'umma da iliminsa.