Masu Ɗaurin Ƙugiya a Bakin Tiga

Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Riruwai, inda ƙasar Kano ta fi tudu kuma ta fi samun damina, yakan ratsa dajin Falgore ya je ya kwanta a madatsar Tiga. An fara gina madatsar a 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, tafkinta kuma ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. Don noman rani da ruwan sha aka yi ta, amma duk inda ruwa ya zauna kifi zai zo, masunci kuwa ba ya jiran goron gayyata. A yau, daga ɓangaren Bebeji har zuwa Tudun Wada, akwai gidaje da dama da kamun kifi ke riƙe da su.

Abin da ya fi burge baƙo shi ne jifan birgi, yadda yake buɗewa a sama kafin ya faɗa ruwa. Ni kuwa a ganina gwanintar da ta fi wannan a tudu ake yin ta, a zaune, ƙarƙashin inuwa. Ɗaurin mamari nake nufi: doguwar igiya guda da ake jera wa ƙugiyoyi ɗaruruwa, kowacce a rataye da ɗan guntun zarenta.

Aikin yana farawa ne tun wurin saye. Ƙugiya lamba-lamba ce, kuma lissafinta a juye yake: lamba 15 'yar mitsitsiya ce, lamba 7 kuwa ta isa a ji tsoron ta. Yawanci a kwali ake sayar da su, ɗari-ɗari, kuma sunan da ya daɗe a wannan harka shi ne Mustad, kamfanin ƙasar Nowe da ya samo asali tun 1832. Gwani ba ya tambayar wacce ta fi girma. Bakin kifin da yake nema yake dubawa. Karfasa bakinta ƙarami ne, in ka ba ta babbar ƙugiya sai ta tsattsage tanar ta bar maka ƙarfe. Tarwaɗa da ragon ruwa masu hangamemen baki ne, suna haɗiya gaba ɗaya, ƙaramar ƙugiya sai ta miƙe ko ta suɓuce. Kafin ya biya kuɗi zai ɗauki guda ya goga tsininta a kan farcen babban yatsansa. In ta kama, to. In ta zame, ko dai a canza kwali ko magagari ya sha aiki.

Sai zare, kuma nan ne ake gane wanda ya gada da wanda ya tsinta. Dole uwar igiya ta fi 'ya'yanta ƙarfi. Ƙasan ruwa ba shimfiɗa ba ce, akwai duwatsu, akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Ko ba jima ko ba daɗe wata ƙugiya za ta maƙale. Idan ɗan zarenta ya fi uwar rauni, shi zai tsinke, an yi asarar ƙugiya ɗaya ke nan. Idan kuwa mutum ya ga dama ya ɗaura komai da zare mai kauri don wai kada kifi ya kuɓuce, ranar da aka samu matsala uwar ce za ta katse, rabin jarinsa ya kwana a ƙarƙashin ruwa. Wato da gangan gwani yake zaɓar wurin da kayansa za su tsinke. Kaurin yana da wani aibin kuma. Da rani, in ruwa ya tsaya ya yi garau, kifi yana hango zare mai kauri ya kauce, ba banza ba ake cewa kifi na ganinka mai jar koma. Da damina kuwa, laka ta turbune ruwa, ana iya ƙara kauri ba fargaba.

Tazarar da ke tsakanin ƙugiya da ƙugiya ma ba da ka ake sa ta ba. In layin na koto ne, tana ko gara ko gutsuren ƙaramin kifi, har da sabulu wanda tarwaɗa ke bi, to tazarar sai ta wuce tsawon 'ya'yan zare biyu, don kada maƙwabta su sarƙe in kifi ya fara bori. In kuwa mamari ne tsirara, ba koto, sai a matso da su kusa-kusa, a daidaita dutse da abin tasowa yadda layin zai tsaya dab da ƙasa. Kifaye marasa ɓawo irin su tarwaɗa da ƙurungu, masu kiwo a ƙasa cikin dare, su zo wucewa ƙugiya ta cafke su a jiki. Ma'aunin duka wannan taƙi ne da kamu, amma ka bi layin daga farko zuwa ƙarshe, da wuya ka ga inda ya saɓa.

Wannan lissafi ba namu ne kaɗai ba. A Amurka da Ingila akwai masu fatsar nishaɗi da ke ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, wasunsu kuma da hannunsu suke haɗa sandar. Sukan sayo ta tsirara, su ɗaura mata zobban da igiya ke bi ta ciki. Sanda mai ƙafa 9 takan ɗauki zobe wajen 10, ban da na tsini. Na kusa da hannu babba ne mai sulɓin ciki, domin nan igiya ta fi gogawa. Sauran siraran waya ne, suna raguwa suna ƙara matsowa har zuwa tsini. In zobba suka yi kaɗan, nauyin kifi sai ya taru a wuri guda, sanda ta karye. In suka yi yawa ko nauyi, tsinin ya mutu, jifa ya lalace. In suka yi ƙanƙanta, ƙulli ya ƙi wucewa. Su suna da jadawali a rubuce da kantuna na musamman. Namu a kansa da yatsunsa abin yake, tun yana yaro yana riƙe wa babansa bakin igiya.

In an gama ɗauri, sai a jera ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya a tsagaggen kara, yadda in an shiga jirgi da yamma za su riƙa zamowa a jere. Wanda ya yi ganganci a nan, zai kwana yana warwara, ko ya dawo da ƙugiya a tafin hannu.

Ba cewa nake mamari ba shi da laifi ba. Yana yi wa wasu kifayen rauni su tsere, kuma in aka shimfiɗa shi a hanyar masu kalli ko taru, rigima ce sai Sarkin Ruwa ya shiga tsakani. Amma a ajiye shi kusa da mai zuba guba a kwarin rafi, abin da dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta tare da nakiya da lantarki. Guba ba ta tambayar babba ko ƙarami, har ƙwai take kashewa. Mai ƙugiyar koto tun a kanti ya zaɓi girman kifin da zai kama, ƙananan kuma ya bar wa baɗi.

Don haka in hanya ta bi da kai Tiga ka tsaya sayen tarwaɗa, tayin wulaƙanci bai dace ba. Kuɗin da ka miƙa har da na yinin da aka yi a zaune ana ƙulli.