Ba Karen Teku Ne Ya Cinye Kod Ba

A gaɓar tekun Birtaniya da Ireland, daga Chesil ta Dorset zuwa mashigin Bristol da bakin ruwan Wales, babu kifin da masu fatsa suke tsine wa kamar wani ƙaramin ɗan gidan shak mai ɗigo-ɗigo da Turawa ke kira dogfish, wato karen teku. Da wuya tsawonsa ya kai mita guda, fatarsa kuma kaushi gare ta kamar sanfefa, har a da ana goge katako da ita. Mutum zai sayi koto mai tsada, ya fito cikin sanyin dare yana neman kifin kod ko bas, amma kafin koton ya gama zama a ƙasa kare ya haɗiye. Shi ya sa koyon kauce masa ya zama fanni mai zaman kansa a wajen masu fatsa. Ina tare da wannan yayi, muddin da ilimi za a guje wa kifin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar da ke biyo baya a wajen wasu, ta buga kansa a dutse a yar a kan yashi.

Dabarun kaucewar duk daga halin kifin aka samo su, kuma a nan kyansu yake. Karen teku mazaunin ƙasan ruwa ne. Da hanci yake farauta, sannan da wasu ƙananan ramuka a bakinsa da ke jin wutar lantarkin da jikin kowace halitta ke fitarwa. Don haka wanda ya yanka titus mai maiƙo ya jefa shi ƙasa da dalma bayan magariba, shi ya gayyace shi da kansa. Masu lura sun koma ɗaga koton sama da ƙasa kaɗan, ko su ƙara girman ƙugiya da koto yadda ƙaramin bakinsa ba zai iya ɗauka ba, ko su zaɓi ruwa marar zurfi da rana, ko kuwa su tashi daga wurin idan garken ya iso. Mafi inganci duka shi ne kifin roba da ake ja a tsakiyar ruwa: ba shi da wari, ba ya kwanciya a ƙasa, bas kuwa da ido yake bin abinci. Duk wanda ya koyi waɗannan ya ƙara sanin teku, ko da kare bai taɓa damunsa ba.

Sai dai tambayar da ba a cika yi a bakin ruwa ba ita ce, me ya sa kare ke riga kowa zuwa koto? Wani ɓangare na amsar shi ne masu riga shi sun ragu. Kod, wanda busasshensa daga Norway ke zuwa kasuwannin Najeriya, ya sha jan taru na shekaru da dama. Na Tekun Arewa ya samu shaidar kamu mai ɗorewa ta ƙungiyar MSC a 2017, aka janye ta a 2019. A Tekun Celtic kuwa, masanan hukumar binciken teku ta ICES sun sha ba da shawarar a daina kama shi kwata-kwata. Bas ma sai da Tarayyar Turai ta sa matakan gaggawa a 2015, ta ɗaga ƙaramin tsawon da aka yarda a ɗauka zuwa santimita 42. Shi karen teku yana da juriya: jiragen jan taru su kamo shi, su zubar, yawanci ya rayu, ya kuma ci matattun kifayen da aka zubar tare da shi. Ya gaji filin da wasu suka bari ne kawai.

Za a ce ai yana da yawa, ba ya cikin haɗarin ƙarewa, kashe goma ko ashirin ba zai rage komai ba. To idan ba zai rage komai ba, amfanin me kisan ya yi? Ba zai dawo da kod ko ɗaya ba, gobe kuma wani garken zai zo. Maganar yawa ma ba abin dogaro ba ce a gidan shak. Akwai wani kare mai ƙaya a gadon baya wanda a da ya cika waɗannan tekuna, ana sayar da shi a shagunan soyayyen kifi da dankali. Macensa kan yi kusan shekara biyu da ciki. Aka kama shi har sai da aka hana kamun a wajen 2010, ba a sake buɗewa ba sai 2023. Mai ɗigo-ɗigon ƙwai yake sakawa bibbiyu, kowanne cikin jaka mai tauri da ke maƙalewa a ciyawar teku, ya yi watanni kafin ya ƙyanƙyashe. Ba irin kod ba ne da ke zuba miliyoyin ƙwai.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu neman kod a hunturu. A ruwa mai laka irin na mashigin Bristol kifin roba ba ya aiki, dole sai koto mai wari a ƙasa, kuma nan ne gidan kare. Gaskiya ne, babu dabarar da za ta raba su da shi gaba ɗaya. Amma wanda ya san zai kama shi yana iya shiryawa: ya danne kunnen ƙugiya da filaya don ta fita da sauƙi, ya riƙa duba sandarsa kada kifin ya haɗiye har ciki, ya haɗa kai da wutsiya a hannu ɗaya don kada ya naɗe masa hannu ya kuje shi, sannan ya mayar da shi ruwa nan take. Wanda kuma ba ya son mayarwa, namansa fari ne marar ƙaya, a feɗe shi a kai gida a soya.