Mutumin Kirki a Kujerar Mulki: Tarke kan Yadda Muke Auna Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa

Gabatarwa

Duk ɗalibin adabin Hausa ya san Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fuska biyu: shi ne marubucin Shaihu Umar, shi ne kuma Firayim Ministan Nijeriya daga 1957 zuwa 1966. A makarantunmu akan karanta littafin, sa'an nan a ce ga halin marubucin nan a jikin tauraron labarin, wato haƙuri da tawali'u da gudun duniya. Daga nan sai a rufe magana, kamar dai an gama yanke hukunci a kan mulkinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan hanya ta cakuɗa ma'auni biyu, na hali da na aiki, alhali kuwa shi kansa marigayin ya bar mana ma'aunin da ya fi dacewa a auna shi da shi.

Ma'aunin da ke cikin littafin

An rubuta Shaihu Umar domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, aka buga shi a 1934. A lokacin marubucin matashin malami ne da bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Jigon littafin a fili yake: ƙaddara ta riga fata, mai haƙuri kuma shi ke da riba. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa cikin bauta, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa, ya yi ilmi a ƙasar Larabawa, daga bisani ya komo ya zauna a Rauta yana karantarwa.

Sai dai akwai wani abu da masu nazari kan wuce da sauri. Mafarin duk wahalar gidan su Umar shi ne ƙagen da fadawa suka yi wa Makau, mijin mahaifiyarsa, har sarki ya kore shi daga gari. Wannan zalunci ne na hukuma. Amma har labarin ya ƙare ba a ga inda talakawa suka tuhumi sarkin nan ba. Haka kuma bauta: marubucin ya zana azabarta da ƙwarewa, musamman a yawon mahaifiyar Umar wajen neman ɗanta, amma labarin ya ɗauke ta tamkar fari ko annoba, abin da ake jurewa. Saboda haka littafin ya koya mana yadda wanda aka zalunta zai riƙe mutuncinsa, bai tsaya kan abin da ya wajaba a kan mai iko ba. Wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya auna shugaban gwamnati da shi, ya auna hatsi da kamu.

Harshenmu ma yana da hannu a cikin wannan. Muna da kalmar amana, amma mun saba barin hisabinta sai Lahira. Muna da bahasi, amma a al'ada alƙali ko basarake ne ke bin bahasin talaka. A. H. M. Kirk-Greene ya yi nazari a 1974 kan siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, irin su gaskiya da karamci da haƙuri da kunya da ladabi. Dukkansu siffofi ne na zaman tare. Talaka ya tsayar da shugaba ya ce zo ka faɗa mana abin da ka yi da ikonmu, wannan sabon abu ne da zamanin siyasar jam'iyyu ya fito da shi fili.

Ma'aunin 1950

Abin sha'awa shi ne, Malam Abubakar yana cikin na farko da suka ɗaga wannan murya a majalisa. A watan Agusta na 1950 ya kawo batu a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, yana neman a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Ya soki yadda iko ya tattaru a hannun sarki shi kaɗai, talakawa ba su da ta cewa. Batun ya girgiza sarakuna da Turawan mulki, cikin 'yan shekaru kuma aka sauya doka, sarki ya koma zartar da al'amura tare da majalisarsa. Mutumin da ya yi wannan ya riga ya yarda cewa kyan halin mai mulki bai isa ba, dole a sami hanyar da za a tambaye shi. To, mu auna shi da abin da ya auna wasu.

Abin da ma'aunin ya nuna

Akwai inda ya saurari jama'a. Yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila lokacin samun mulkin kai ta sha suka daga ɗalibai da 'yan hamayya, gwamnatinsa kuwa ta soke ta a Janairun 1962. A 1961 ya yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Sahara. A zamaninsa aka kai hanyar jirgin ƙasa Maiduguri, aka kuma fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, duka a 1964. Bugu da ƙari, an shaide shi da cewa bai tara dukiya ba, kuma yabon gwani ya zama dole.

Akwai kuma inda tambayoyi ke da nauyi. A watan Mayu na 1962, bayan rikici a zauren majalisar Jihar Yamma, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. A 1963 aka ɗaure jagoran hamayya, Cif Awolowo, shekara 10. An soke ƙidayar jama'a ta 1962, aka sake wata a 1963, wadda ita ma gwamnatin Jihar Gabas ta ƙi amincewa da ita. Ma'aikata sun yi yajin aiki na gama-gari a Yunin 1964. Zaɓen ƙarshen Disamba na wannan shekara, 'yan hamayya sun ƙaurace masa a wurare da dama, har Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira shi ya kafa gwamnati ba. Mafi nauyi shi ne zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965: aka yi ta ƙone-ƙone da kashe-kashe wata da watanni, amma ba a kafa dokar ta-ɓaci ba, alhali abin da ya faru a 1962 bai kama ƙafar wannan ba. Bambancin da mutane suka gani shi ne, a wannan karon Firimiya Akintola abokin ƙawancen NPC ne.

Masu kare shi sukan ce hannunsa a ɗaure yake: tsarin mulki ya ba jihohi ƙarfi, shi kuma mataimakin shugaban jam'iyya ne, Sardauna ke shugabanta daga Kaduna. Wannan gaskiya ne, amma ita ce ainihin tambayar. Firayim Minista wa yake ba bahasi, majalisar Ikko ko jam'iyyar Kaduna?

Ina muryar jama'a?

Mai son sanin ra'ayin jama'ar Arewa a wancan zamani sai ya yi hattara da shaidunsa. Ƙuri'a shaida ce mai rauni, domin matan Arewa ba su yi zaɓe ba a Jamhuriya ta Farko, 'yan doka da kotunan alƙalai kuma suna ƙarƙashin En'e, sun kuwa takura wa 'yan NEPU. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana jingine da gwamnatin Jiha. Waƙoƙin siyasa, na NPC da na mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, sun fi mayar da hankali kan jam'iyyu da sarakuna da Sardauna da Malam Aminu Kano. Ikko ta yi wa mawaƙi nisa. Galibin abin da ya zauna a zukatanmu game da shi ya kafu ne bayan kisan gillar 15 ga Janairu, 1966, lokacin da ake cikin juyayi. Marsiyya kuwa tana da ƙa'idarta: ambaton alherin mamaci da roƙa masa gafara. Shaida ce ta baƙin cikin al'umma, ba a neman hukuncin aiki a cikinta. Kada kuma a manta, a sassan Kudu da dama an yi murna da faɗuwar gwamnatin. Firayim Minista na ƙasa duka ne, don haka Batibi da Bayarabe su ma shaidu ne.

Kammalawa

Babu abin da aka faɗa a nan da ke halatta jinin da sojoji suka zubar. Hasali ma juyin mulkin ya ƙwace wa 'yan ƙasa damar su yanke nasu hukuncin ta hanyar ƙuri'a. Abin da muke roƙon malamai shi ne, idan sun karantar da Shaihu Umar, su haɗa wa ɗalibai da labarin batun 1950, sa'an nan su bar su su auna abin da ya faru daga 1962 zuwa 1965 da kansu. Ɗalibin da aka koya wa cewa kyan hali yana ɗauke wa shugaba tambaya, gobe zai yafe wa wanda ma ba shi da halin. Masu iya magana sun ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan magabatanmu cikin ladabi.