Kyauta ko Tsaraba?

Makon jiya na leƙa shagon wani gidan adana kayan tarihi, in sayo wa Gwaggo ɗan abin hannu. Kayan kam sun yi: fayafayai, jakunkunan fata, ludayi mai zane. Allon ƙofar ne ya tsaya mini a rai: "Shagon Kyauta".

Jama'a, Bahaushe in ya ga haka ai sai ya ɗauka raba kayan ake yi! "Kyauta" tana nufin abin da aka ba ka, tana kuma nufin abin da babu biya, kamar a ce magani kyauta ne. An ɗauko kalmar Turanci ne aka sa mata rigar Hausa. Alhali muna da tamu: abin da ka sayo a wurin da ka ziyarta don mutanen gida, sunansa tsaraba. "Shagon Tsaraba", shi ke nan.

A ciki kuma, an liƙa wa ƙaramar ƙwarya takarda: "koko". Na ce wa mai shagon, "Malam, ina ƙosan?" Ƙoƙo suke nufi, lanƙwasar ƙ ce ta faɗi. Ya yi dariya, ya ce kwamfutarsu ba ta da harafin. Biyu na saya, kuma na biya.