Kunnen wa? Ɗan sharhi bisa hukuncin Pelham (2019)

Cikin 1977 mawaƙan Jamus da ake kira Kraftwerk suka fiddo *Metall auf Metall*. Shekara 20 bayan haka, Moses Pelham ya tsakuro wajen daƙiƙa 2 na kiɗan, ya jera shi yana maimaituwa ƙarƙashin waƙar *Nur mir* ta Sabrina Setlur. An shigar da ƙara a Hamburg cikin 1999; sai ran 29 ga Yuli 2019 kotun Tarayyar Turai ta faɗi nata ra'ayi.

Abin da kotun ta tsaida shi ne: tsakure, komi gajartarsa, kwafi ne, kuma sai da izinin mai faifai, in ba an sauya shi har kunne ya kasa gane shi ba. Wannan ya fi sassauci bisa ga hukuncin Bridgeport na Amurka (2005), wanda bai bar wannan ƙofa ba ko kaɗan. To amma mu da aikinmu nazarin furuci ne, kalmar "kunne" ita ce ta tsaya muna a rai.

Tun 1939 Trubetzkoy ya nuna cewa mutum yana jin baƙon harshe ta cikin rariyar harshensa (*crible phonologique*). Mun sha gwada Bafaranshe ɗan koyo da *baki* da *baƙi*: k da ƙ duk ɗaya ne gare shi, alhali yaron Maraɗi ba ya kuskuren su. Sautin bai sake ba, tarbiyyar mai saurare ce ta bambanta. Haka kiɗa yake. Wanda ya tashi da Kraftwerk zai tsinci daƙiƙa 2 ɗin nan take; wani kuwa ƙarar ƙarfe kawai zai ji.

Kotun ƙolin shari'a ta Jamus ta amsa cikin 2020 cewa ma'aunin shi ne matsakaicin mai sauraren kiɗa. A ganinmu ɗage tambayar aka yi. Matsakaici cikin waɗanne mutane? An fara jiyar da shi faifan asali ko a'a? A ɗakin gwaji, waɗannan sharuɗɗa su ke sauya sakamako.

Akwai kuma inda ya fi damunmu. Mai tsakure sau da yawa so yake a gane, kamar mai jefa karin magana cikin hira: in ba a san ta ba, ta faɗi banza. Ƙa'idar 2019 ta halatta aron da ya ɓuya, ta bar wanda ya nuna asalinsa yana neman izini da kuɗi.