Gyara da Sabon Bugu: Persona 5 Royal da Aljihun Wanda Ya Fara Saye

Persona 5 ya fito a Japan a watan Satumba na 2016, ya iso sauran duniya a Afrilun 2017. Wasan bidiyo ne mai tsawon gaske, wanda ya bi labarinsa har ƙarshe zai ci awa ɗari ko abin da ya yi kusa. Bayan shekara uku sai kamfanin Atlus ya fito da Persona 5 Royal: wasan dai shi ne, an ƙara masa sababbin mutane biyu, da zangon karatu guda a ƙarshen labari, da gyare-gyare barkatai. Dala 60 aka sa masa, farashin sabon wasa cur. Wanda ya sayi na farko ba a rage masa ko sisi ba, kuma ajiyar wasansa ba ta hawa kan sabon. Sai ya sake biya, ya sake farawa daga ranar farko.

Tun lokacin ake cacar baki a kan wannan al'ada. Wasu na cewa da Atlus na da kunya, da ya sayar da ƙarin kawai a intanet, abin da ake kira DLC, mutum ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa ya sauke shi a kan wasan da yake da shi. Wasu kuma na cewa sabon bugu ya fi, don a nan ne ake samun aiki cikakke. A kasuwarmu gyara kyauta ce, mai awo ya cika mudu sannan ya ƙara maka da hannu. A kasuwar wasanni gyara ma da kuɗinta, saboda haka abin da ake gardama a kai shi ne wace hanyar biyan ce ta fi adalci, kuma wacce ta fi yi wa labarin kansa kyau. Tambayoyi biyu ne daban, haɗa su wuri ɗaya ne ke sa gardamar ba ta ƙarewa.

Sabon bugu yana da dalili a da. Wasan da aka ƙona a kaset ya ƙonu ke nan, ba hanyar da za a bi a taɓa shi bayan ya bar masana'anta. Shi ya sa Capcom ya fitar da Street Fighter II iri biyar tsakanin 1991 da 1994, shi ya sa kuma Pokémon ya riƙa zuwa da na uku bayan kowane tagwaye: Yellow a 1998, Crystal a 2000, Emerald a 2004, Platinum a 2008. Waɗannan na ukun ba aikin banza ba ne. Emerald ya haɗa ƙungiyoyin mugaye biyu na Ruby da Sapphire a labari ɗaya, ya kawo Battle Frontier. Platinum ya faɗaɗa jerin halittun yankin Sinnoh daga 151 zuwa 210, ya rage jan ƙafar da ta addabi Diamond da Pearl. Wanda ya buga Platinum da wuya ya yi marmarin komawa baya.

Amma uzurin kaset ya mutu tun da na'urori suka hau intanet. A 2013 an gano cewa idan mutum ya ajiye wasansa na Pokémon X ko Y a wasu titunan birnin Lumiose, ajiyar na iya lalacewa. Nintendo ya aiko da faci ta intanet aka wuce wurin. Kamfanin da ya iya wannan a 2013 ba shi da bakin cewa dole ce ta sa ya sayar da Ultra Sun da Ultra Moon a 2017 a kan dala 40, shekara ɗaya tak bayan Sun da Moon, alhali mafi yawan tafiyar ita ce dai wadda aka riga aka yi. Da Sword da Shield suka zo, sai aka sauya salo: a 2020 aka sayar da yankuna biyu, Isle of Armor da Crown Tundra, a dala 30, ka shiga da halittunka da ka raina, ba a ce ka koma farko ba. Ta fuskar aljihu wannan ci gaba ne, ba musu.

Sai dai a duba abin da ƙarin bai taɓa ba. Labarin Sword da Shield mai rauni ne, musamman ƙarshensa da aka yi cikin gaggawa, kuma haka ya zauna. An gina masa ɗakuna biyu masu kyau a gefe, tsakar gidan kuwa tana nan yadda take. Halin DLC ke nan a mafi yawan lokuta: yana ƙari a baki, ba ya shiga ciki. Ko waɗanda ake yabo, irin su Blood and Wine na The Witcher 3 a 2016 da Shadow of the Erdtree na Elden Ring a 2024, sabuwar ƙasa ce ake buɗe wa ɗan wasa ya je ya dawo.

A nan ne Royal ya zama hujja mafi ƙarfi ga masu son sabon bugu. Wanda bai buga shi ba kuma yana da niyya, ya tsallake sakin layi uku masu zuwa, don zan tona ƙarshen.

Persona 5 a kan kalanda yake tafiya. Ɗalibi ne a wata sakandare a Tokyo, kowace rana kana zaɓar wanda za ka ba lokacinka bayan an tashi daga makaranta. Royal ya shigo da Takuto Maruki a watan Mayu, mai ba ɗalibai shawara da makarantar ta ɗauko bayan abin kunyar malamin wasanni da ya riƙa cin zarafin yara. Mutum ne mai sanyi, mai yawan tuntuɓe, kullum da kayan ƙwalama a ofishinsa. Kana zama da shi kuna hira a kan ciwon zuciya da yadda za a rage wa mutane shi, abokanka ma ɗaya bayan ɗaya suna zuwa su faɗa masa abin da ke cin su. A watan Nuwamba ya yi sallama ya tafi. Idan ba ka kai zumuncinku mataki na tara ba kafin 18 ga watan, zangon ƙarshe ba zai buɗe maka ba sam.

Ranar farko ta Janairu sai ka farka a wata duniya. Mahaifiyar Futaba da ta mutu tana raye. Mahaifin Haru da aka kashe yana raye. Ryuji ya koma ƙungiyar masu tsere kamar ba abin da ya taɓa faruwa da ƙafarsa. Maruki ne ya yi wannan, da abin da kowa ya faɗa masa a asirce, kuma ba don mugunta ba. Yana so ne kada kowa ya ƙara shan wahala. Aikinka shi ne ka bi abokanka ɗaya bayan ɗaya ka tuna musu gaskiya, wato ka sake kashe wa yarinya uwarta. Wasan ma ya ba ka damar ka ƙi, ka karɓi duniyar Maruki, kowa ya zauna cikin farin ciki na ƙarya, labari ya ƙare a haka. A ganina wannan zangon ya fi duk abin da ke cikin Persona 5 na asali, inda mugayen mugaye ne kawai, ba wanda za ka tsaya ka yi tunani kafin ka doke shi.

Kuma ƙarfinsa duka daga watannin nan ne na zama a ofis ana shan lemo. Da an sayar da Janairu shi kaɗai, aka ce ga wani likita da ba ka taɓa gani ba ya sauya duniya, da ya zama wani shugaban mugaye kamar sauran. An shuka shi tun Mayu don a girbe a Janairu. Ɗaya sabuwar, Kasumi Yoshizawa, ba ta samu wannan kulawar ba. Tana leƙowa ta ɓace, ba ta shiga tawagar sosai sai a ƙarshe, ɗinkin a fili yake duk inda ta bayyana. Ita ce ke nuna yadda abin ke zama idan an liƙa mutum a labarin da aka riga aka rufe.

Ta fuskar rubuta manhaja ma maganar sake farawa gaskiya ce. Ajiyar wasa tarin alamomi ce: ka yi kaza ranar kaza, ka haɗu da wane, ba ka haɗu da wance ba. Ajiyar da ta kai Disamba ba ta da gurbin Maruki ko ɗaya, kuma ranakun da za a zauna da shi an riga an kashe su a wani abu. Ana iya rubuta kod da zai cike gurbin da ƙarya, amma ba kod da zai sa ɗan wasa ya tuna hirar da bai yi ba. Ga kuma sauye-sauyen da suka ratsa ko'ina: harsashi yana cika bayan kowane faɗa, an sake fasalin wasu sassan fadoji don igiyar lilo, an ƙara unguwar Kichijoji, magen nan Morgana ya rage tilasta maka kwanciya da wuri. Dole a sake auna wahalar wasan daga farko. Duk wannan na yarda da shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsallen da ake yi daga "sai ka sake farawa" zuwa "sai ka sake biyan dala 60". Na farko larura ce ta labari da ta manhaja. Na biyu shawara ce da aka yanke a ofishin masu lissafi. Kantin PlayStation ya san wanda ya mallaki Persona 5, sanin da ya fi na mai shagon unguwa da masu cin bashinsa. Capcom ya sayar wa masu Super Street Fighter IV hawa zuwa Ultra a dala 15 a 2014. Death Stranding ya ba masu na PS4 damar hawa Director's Cut a dala 10 a 2021. Larian ya ba masu Divinity: Original Sin sabon bugunsa kyauta a 2015. Atlus kuwa da ya kai Royal kan PS5 a Oktoban 2022, nan ma bai buɗe wa masu na PS4 ƙofar ragi ba. Mai son wasan da gaske, wanda ya saya tun ranar farko ya yi ta tallata shi ga abokai, shi ne ya biya sau uku.

Kada masu DLC su yi saurin tafi, domin kamfanin nan dai ya nuna cewa ta nan ma ana iya yanka. Persona 3 ya fito a 2006. Bugu na biyu, FES, ya ƙara babi na ƙarshe mai suna The Answer. Na PSP a 2009 ya kawo damar buga labarin da jaruma mace, ya bar The Answer a baya. Da aka sake gina wasan gaba ɗaya a 2024 da sunan Reload, a dala 70, sai aka fito da shi ba wannan ba wancan. Bayan wata bakwai aka sayar da The Answer cikin wani ƙunshi na dala 35. Jarumar kuwa ba ta dawo ba. Babin da aka rubuta tun 2007 ba za a kira shi gyara ba, cire shi aka yi daga mudu aka ajiye a gefe. Capcom ya taɓa yin wanda ya fi wannan muni a 2012 da Asura's Wrath, inda ainihin ƙarshen labarin sai da kuɗi. Masu karanta littattafan Hausa a waya sun san wannan ɗanɗanon: shafukan kyauta su kai ka daidai inda zuciya ta rataya, sai a ce saura sai an tura kuɗi. Bambancin shi ne marubuciyar ba ta karɓi kuɗin littafi cikakke tun farko ba.

Akwai kuma abin da masu gardamar a Amurka da Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Faifai ana sayar da shi, ana aro, ana musanye. Da yawa a nan da faifan hannu suke wasa, wanda ya zaga gidaje uku kafin ya iso. Faifan Royal duk inda ya je da Maruki yake zuwa. DLC kuwa a asusun mai saye yake ɗaure, ba ya bin faifai, ga kuɗin data na sauke shi, ga neman katin da kantin zai karɓa a dala. Kuma yana rayuwa ne muddin kantin na buɗe. Fire Emblem Fates yana da hanya ta uku, Revelation, wadda a cikinta ne ake warware asalin rikicin labarin. In ban da wani bugu na musamman da aka yi kaɗan, ta intanet kawai ake samunta. Nintendo ya rufe saye a kantin 3DS a watan Maris na 2023. Yau wanda ya tsinci kaset ɗin Fates a kasuwa ba shi da halastacciyar hanyar sayen kashi ɗaya cikin uku na labarin. Kaset ɗin Platinum na 2008 kuwa ko gobe aka sa shi zai tashi da komai nasa.

Don haka idan aka tambaye ni wanne ya fi yi wa aikin kyau, sabon bugu zan ce, matuƙar irin na Royal ne da ya shiga cikin labari ya sake saƙa, ba irin na Ultra Sun ba. Idan aka tambaye ni wanne ya fi adalci, sai in ce a buga sabon a faifai don mai zuwa daga baya, a kuma sayar wa tsohon mai saye bambancin kawai. Ba wata fasaha da ta hana a yi duka biyun.

Atlus dai ya koya wa masu sayensa darasi ɗaya, kuma sun haddace. Persona 3 ya samu FES, Persona 4 ya samu Golden, Persona 5 ya samu Royal, Shin Megami Tensei V na 2021 ya samu Vengeance a 2024. Da Metaphor: ReFantazio ya fito a Oktoban 2024, wasa mai kyau da ya sha yabo, tambayar da ta riƙa yawo tun makon farko ita ce ko a saya yanzu ko a jira na biyun. Ni ina cikin masu jira.